Yadda Na Kai Ƙarar Inna Ingila

Cuta ta farko da aka yi mini a wannan tafiya Bahaushe ɗan'uwana ne ya yi mini ita, a kasuwar Ikko, tun ban ga jirgin ruwa da idona ba. Ya ji muna Hausa ni da Malam Sada, sai ya taso da fara'a yana cewa, "'Yan gida, 'yan gida!" Ya ce sanyin Ingila yana tsinke kunne, ya fito da wata doguwar kwat mai gashi a wuya, ya rantse wani babban Bature ne ya bar masa ita. Malam Sada ya juya ta, ya sunsuna, ya mayar. Ni kuwa na ga araha na rungume, na manta araha ba ta ado.

Ni ne Lawal, ɗan Yasore, malamin elemantare a Batsari. Malam Sada mutumin Safana ne, shi ma malamin makaranta, amma ya girme ni nesa ba kusa ba, ga shi da bakin tsiya. Lokacin ana ta maganar mulkin kai, ana neman 'yan ƙasa da za su gaji kujerun Turawa, shi ne En'e ta zaɓe mu mu biyu mu je kwas na shekara guda a wata kwaleji a Ingila. A jirgi amai na yi ta yi har na daina sanin gabas. Malam Sada ne yake kama ni ya juya ni wajen alƙibla, yana cewa, "Yi sallarka, ɗan malam. In kifi ya cinye ka, ka tahi da alwala."

Garin da kwalejin take gari ne na masaƙu, hayaƙi ya yi wa ko'ina baƙi, rana kuma sai ka ce bashi ake binta. An sauke mu gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗaki. Abincinta dankali ne da dafaffen kabeji, yau dankali, gobe dankali, nama kuwa ba mu ci don ba mu san wanda ya yanka ba. Ran da na fara shiga kwaleji na sa kwat ɗina a kan babbar riga, ina tafe ina jin kaina. Na ga samari suna kallona suna toshe baki, na ɗauka kwarjini ne. Baƙo dai makahon gari ne.

Wata ɗaliba ce ta cece ni, Mis Hilda, mai shirin zuwa ƙasarmu aikin makarantun 'yan mata. Ta ja ni gefe inda ba kowa, ta gaya mini a hankali cewa kwat ɗin ta mata ce, maɓallanta ma a ɓangaren mata suke. Na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari ta kawo mini ta wanta da ya rasu a yaƙi, ta ce zama take yi a akwati, gara a mora. Ba ta yi mini dariya ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa manta mata wannan ba. Malam Sada ne dai ya rama mata dariyar, don har muka bar ƙasar in ya so tsokana "amarya" yake ce mini.

Aka ce kafin mu shiga ainihin kwas ɗin sai mun yi zangon share fage. Darussa huɗu ne: dabarun karatu, siyasa da tsarin mulki, kimiyya, da ilimin halayyar ɗan Adam. Wanda bai haye ba, jirgin da ya kawo shi zai mayar da shi. Mahaifina malami ne mai tsangaya a Yasore, bai so tafiyar ba, sai da hakimi ya sa baki sannan ya ce in je Allah ya tsare. Idan aka koro ni, ban san da idon da zan shiga zauren gidanmu ba.

Ni kuwa karatu ɗaya na sani, hadda. A gidanmu in ka iya kawo shafi da ka ba tuntuɓe, kai ne gwani. Haka na yi wa littafin siyasa, na haddace babi guda na juye shi a takarda, wasali bai kuskure ba. Malamin ya mayar mini da jan alƙalami ya ce, "Wannan maganar mai littafi ce. Ina taka?" Na rasa abin da yake nufi. Wane ni in sa tawa kusa da ta mai littafi? Da ya koya mana cewa a majalisarsu akwai mutumin da gwamnati take ba albashi don kawai ya riƙa yi mata gardama, Malam Sada ya raɗa mini cewa, "Wannan aikin da a Safana ne, da tuni na yi kuɗi." Shi yana dariya yana cin maki, ni ina zufa cikin sanyi.

Kimiyya ma ba ta bar ni ba. A ɗakin gwaje-gwaje aka ba kowa 'yar fitilar gas da kwalba, aka ce mu dafa wani ruwa mu faɗi abin da muka gani. Ni ban ga komai ba sai hannun rigata da ya kama wuta. Daga ranar aka hana ni shiga da babbar riga. Malamar dabarun karatu ita ce ta fi kowa haƙuri da ni. Ta zaunar da ni ta ce rubutu ba juye buhu ba ne. Ta ce, "Ka fara sanin abin da kake son ka tabbatar. Sannan ka zaɓi abin da zai ƙarfafa maganarka, ka zubar da saura." Na riƙe wannan da kyau, don a duk abin da aka koya mini a zangon shi kaɗai ya shige ni sarai.

Tsakiyar zango ta wuce, ina ƙasa a darussa uku. Shugaban kwas ya kira ni ya ce sai na nuna wani abin kirki ko a darasi guda, in ba haka ba zai rubuta wa En'e.

Malamin ilimin halayya wani dattijo ne mai sanyin murya, kullum da lofe a baki, muka sa masa Dakta Mai-lofe. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙazafi ba. A makonnin nan yana koya mana abin da ke tsakanin uwa da jariri, wai duk halin da mutum zai yi a duniya daga cinyar uwarsa yake ɗauko shi, wanda kuma aka hana shi ɗumin uwa yakan tashi da rauni a zuci har tsufa. Wata rana ya ce kowa ya faɗi sunan da uwarsa take kiransa da shi yana yaro. Turawa suka yi ta faɗin nasu ana dariya. Da aka zo kaina na ce, da zuciya ɗaya, "Ni mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunana ba."

Dakta ya cire lofe daga bakinsa. Ya ce, "Ko sau ɗaya?" Na ce ko sau ɗaya. Ya ce to me take ce mini? Na ce ai ba ta yi mini magana. In ta kama dole ta ambace ni, takan ce "ɗan Goggo", ko "wancan".

Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san zancen. Ni ɗan fari ne, Inna kuwa 'yar gidan kunya ce ta gaske, irin matan da ake ba da misali da su. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin Goggo, yayar mahaifina, a gida ɗaya, danga ce kawai tsakani. Abin yabo ne a wurinmu, ba abin kuka ba. Da na ƙara jimla biyu na faɗi haka, da zancen ya mutu a nan. Amma na ga yadda idon Dakta ya kawo haske, na ga ɗalibai sun juyo gaba ɗaya suna kallona, ba kallon mai kwat ɗin mata ba. Tun da na zo ƙasar ba malamin da ya taɓa son jin ƙarin bayani daga bakina. Sai na yi shiru na bar shi da abin da ya fahimta.

Ya gayyace ni ofishinsa, ya haɗa mini shayi da hannunsa, ya turo mini biskit. Ya tambaya, na amsa. Ta taɓa rungumarka? A'a. In kun haɗu a tsakar gida fa? Takan kau da kai. Ran da za ka taho me ta ce maka? Ba ta fito ba. Yana rubutawa yana girgiza kai. Daga ƙarshe ya ce in rubuta labarin ƙuruciyata, shi zai zama aikina na zango, kuma yana ganin zai zama aiki mai daraja ƙwarai.

Na zauna a laburare na yi yadda malamar dabarun karatu ta koya mini. Na san abin da nake son in tabbatar, na zaɓi abin da zai ƙarfafa shi, na zubar da saura. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Abin da na zubar shi ne Inna. Ban rubuta ba cewa in an yi miyar nama takan tura tsoka ƙarƙashin tuwo, ta miƙa wa ƙanwata Hajo ta ce, "Kai ɗakin Goggo, ƙila akwai mai ci a can." Ban rubuta ba cewa da ƙyanda ta kwantar da ni ta kwashe abin kaɗinta ta koma bayan ɗakin Goggo, wai inuwar can ta fi sanyi, ba ta tashi daga nan ba sai da na miƙe. Ban rubuta ba cewa duk ran da mahaifina ya ɗauko mini bulala a kan karatu, kafin ta sauka Goggo ta iso tana faɗa, kuma kowa ya san wadda ta aika a kira ta. Ina rubutu ina tuna waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ina ture su gefe kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, alhali shinkafar nake zubarwa.

Na sami makin da ba wanda ya samu a ajin. Shugaban kwas ya tare ni a hanya ya girgiza mini hannu. Dakta ya ce zai so in karanta aikin a babban zauren kwaleji, don ɗaliban da za su tafi aiki ƙasashenmu su amfana. Zuciyata ta ce kar ka yarda, bakina ya ce to.

Ran karatun zaure ya cika. Malam Sada yana layin gaba da jar hularsa, don ban gaya masa abin da na rubuta ba, murna kawai ya zo taya ni. Na karanta, muryata tana rawa, su kuwa suka ɗauka ciwon abin ne. Na hango Mis Hilda tana share ido da hankici. Da na gama Dakta ya tashi ya yi bayani mai tsawo a kan uwar da al'ada ta daskarar mata da zuciya, da ɗan da ya tashi cikin yunwar ƙauna. Sannan ya juyo gare ni da tausayi ya ce, "Tun ɗazu muna ta cewa 'uwar', 'uwar'. Ita ta ƙi faɗin sunanka. Kai ka fi ta, ka faɗi nata. Yaya sunanta?"

Na faɗa. A gaban Turawa maza da mata, a tsaye, da ƙarfi, na kama sunan Inna tsurarsa, sunan da mahaifina ma ban taɓa jin ya faɗa ba. Ba zan maimaita shi a nan ba. Suka yi tafi. Cikin tafin na ga Malam Sada ya sunkuyar da kai, ya tashi ya fita.

Na same shi a ɗakinmu yana zaune bakin gado, bai ko cire takalmi ba. Na yi sallama, ya amsa ciki-ciki.

Ya ce, "Lawal, ka ci jarrabawa."

Na ce, "Na ci, Malam."

"To, madalla. Allah shi sa albarka." Sannan ya ce, "Abin ga da ka karanta, akwai ƙarya ciki?"

Na ce babu.

"Na san babu. Da akwai ƙarya da na ji sauƙi, in ce yaro ne ya ji tsoro ya yi ƙarya. Kai ɗan malam ne, ka san shaidar da aka faɗi rabi aka ɓoye rabi, ka san sunanta a littafi."

Na ce, "Malam, kora ta za a yi."

"Sai a kore ka! Wa ya mutu don an kore shi? Ka koma Batsari ka ci gaba da koya ma yara baƙi da wasali." Ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Ni ma ina da ɗan fari a Safana. Tun da aka raɗa mashi suna ban kama sunan ba, ban ɗauke shi gaban mutane ba. Amma wallahi ban taɓa zama cin dankalin ga nasu ba face na ce ko yaron nan ya ci abinci. Ashe wata rana zai iya tasowa ya zo nan ya ce ban son shi, a tafa mashi."

Ya cire takalminsa ya ce, "Kwantar da hankalinka, ba mai ji daga bakina. Abin da aka yi bayan ruwa ya tsaya bayan ruwa." Ya cika alkawari har ya koma ga Allah. Da zagina ya yi, ko ya kai ƙarata gida, da na fi samun sauƙi.

Washegari na koma wurin Dakta. Na ce akwai abin da ban rubuta ba, na zayyana masa tsokar nama, da ƙyanda, da bulala. Na ce kunya ce, kuma a wurinmu wadda ta fi son ɗanta ita ta fi ɓoyewa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cika lofensa, ya dafa mini kafaɗa. Ya ce, "Na san za ka dawo. Yaron da aka hana ƙauna shi ya fi kowa kare wadda ta hana shi, yana tsintar ɓurɓushi yana cewa abinci ne. Wannan da kake yi yanzu ma yana cikin alamomin." Na ƙara bayani, ya ƙara gyaɗa kai. Duk abin da na kawo don in wanke Inna sai ya zama wata hujjar a kanta. Na roƙi ya ba ni takarduna, ya ce an riga an buga su da keken rubutu an raba wa ɗalibai. Magana zarar bunu ce, na ga hakan da idona.

Na haye zangon, na shiga ainihin kwas, har na fara iya sa tawa maganar kusa da ta mai littafi. Amma sauran watannin ba su yi mini daɗi ba. Turawan ajinmu suka ɗora mini wani irin kirki mai nauyi: wannan ya kai ni gidansu cin abinci, uwarsa ta rungume ni tana cewa in ɗauke ta uwa, waccan ta saƙa mini safar hannu. Kowane alheri aka yi mini na san kuɗinsa, kuma na san wadda ta biya. Kewar gida ta dame ni, amma in na tuna gida sai in ji kunyar tunawa. Cikin tsananin sanyi ciwon haƙarƙari ya kwantar da ni, Malam Sada ya yi jinyata, yana dama mini ɗan garin kunun da ya ɓoye tun daga Safana. Yana ba ni a baki yana cewa, "Sha, amarya, kar ki mutu a hannuna a ce na ci amana." Zancen zaure kuwa bai sake tayar da shi ba.

Muka dawo da takardar shaida. Na isa Yasore ana tsakar girbin gero, aka yi ta zuwa yi mini barka. Na shiga cikin gida na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na gaishe ta. Ta amsa wa bango, ta ce da Hajo, "Ki duba ko baƙon Goggo ya sha ruwa." Na lura garken awakinta babu ko ɗaya, na tambayi Goggo ko annoba aka yi. Goggo ta yi dariya ta ce, "Annobar kai ce. Tun ran da ka tahi, ba Juma'ar da ba ta daka gumba ta raba sadaka ba. Geronta ya ƙare ta shiga sai da awaki. In an ce sadakar mece ce, sai ta ce mafarki ta yi." Na koma ɗaki na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Na ɗauka abin ya tsaya bayan ruwa kamar yadda Malam Sada ya ce. Aka ƙara mini girma, aka ba ni duba makarantun ƙasar Batsari da Safana, ina yawo a kan keke har Runka. Bayan damina ta zagayo sai aka aiko cewa wata Baturiya mai kula da karatun 'yan mata za ta zo rangadi, ni zan yi mata tafinta. Na je barikin Batsari tarbarta, sai ga Mis Hilda tana fitowa daga mota, rana ta gasa ta ta yi jawur. Ta yi murna da ganina ƙwarai. Muka gama zagayen makarantu, sai ta ce tana da roƙo guda: tana son ta ga mahaifiyata. Na kawo uzurin hanya, na kawo na rafi, ta ce ko a ƙafa ne za ta je. Matar da ta ba ni kwat ɗin wanta, da wane baki zan hana ta?

Labari ya riga mu isa. Da Inna ta ji baƙuwar daga ƙasar da aka riƙe ɗan Goggo take, ta sa aka share gida tun daga zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura da hannunta. Matan unguwa suka cika tsakar gida. Inna ta zauna a ƙofar ɗakinta ta ja mayafi, ta ba ni gefen fuska. Ni na tsuguna nesa kusa da Goggo, don ta bakinta maganata za ta bi.

Aka gaisa. Inna ta sa Hajo ta ajiye wa baƙuwa ƙwarya cike da ƙwai, da kaza biyu a ɗaure, da wani farin gwado sabo. Na gane zaren, kaɗinta ne. Ta ce da Goggo, "Ki ce mata an gode. An ce sun riƙe wani can wurinsu, sun ba shi ci da sha, sun ba shi sutura. Allah shi saka masu."

Na fassara. Mis Hilda ta ce ta gode, amma fuskarta ba walwala, tana ta ƙare wa Inna kallo. Can ta ce da ni, "Tambaye ta. Duk tsawon lokacin da kake can, ta yi kewarka? Ta tuna da kai ko sau ɗaya?"

Na ce mata ba a yin irin wannan tambaya a nan. Ta ce ta sani, shi ya sa take son a yi, wani ya kamata ya yi ta tun tuni. Mata suka ga muna ja-in-ja, Goggo ta ce, "Me ta ce? Faɗi mana, kar ka cinye." Na dubi ƙasa na faɗa.

Tsakar gida ta ɗauki salati da dariya. Inna ta ƙara jan mayafi, ta juya wa bango sosai, ta ce, "Goggo, ki ce mata ni ban ma san ya yi tafiya ba."

Mata suka yi guɗa. Wata tsohuwa ta ce, "Kunya ta gode maki! Haka muka gada." Amsa ce ta 'yar mutunci, ba wadda ta fi ta kyau a Yasore. Mis Hilda tana jirana. Na fassara mata kalma da kalma, sannan na shiga bayani da sauri: awaki, gumba, Juma'a, gwadon da ke gabanta. Ta ɗaga mini hannu a hankali, idonta ya ciko, ta ce, "Kai ɗa ne nagari, Lawal. Har yanzu kana kare ta." Ta miƙe, furar ko kurɓa ba ta yi ba. Ta ce a bar wa yara ƙwan da kajin, gwadon ma ba ta da wurin sa shi a mota. Ta yi wa Goggo sallama da hannu biyu, ta wuce Inna ba ta dube ta ba.

Na raka ta mota na dawo. Mata sun watse ba hayaniya, kowa ya ga abin da ya faru, ba wanda ya san dalili sai ni. Gwadon yana nan a ninke a kan tabarma. Na zauna a zaure ni kaɗai har la'asar ta yi sanyi, sai ga Hajo ta leƙo, ta durƙusa.

Ta ce, "Yaya, Inna ta ce a tambayi ɗan Goggo. Wai ta ga baƙuwa ta tashi ranta a ɓace, ita kuma ba ta san al'adarsu ba. In wani abu ta yi ba daidai ba, a faɗa mata ta aika a ba da haƙuri, kar ta ɓata mashi aiki wurin Turawanshi."

Hajo ta ce, "Me zan ce mata?"

Na ce, "Ki ce mata ba ta ɓata komai ba."

Hajo ta tashi ta shiga. Ina jin muryarta daga bayan danga tana faɗa, na ji Inna ta ce, "To, alhamdu lillahi." Jim kaɗan sai ga Hajo ta dawo da ƙwaryar furar da baƙuwa ta bari, ta ajiye a gabana, wai an ce ƙila akwai mai sha a nan.